Gayyar da Ban Kira Kowa Ba

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwa Bodinga. Da zan koma gida Shagari sai na ce wa ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya sauka daga kwalta ya bi da ni ta fadama. Ya waiwayo ya ga tsohuwa da sanda, ya ce hanyar ta lalace. Na ce ni ma na lalace, mu je a haka. Albasa na nan kore shar kamar yadda na bar ta, warinta ma bai sake ba, amma kunnena bai gane wurin ba. Ko'ina injin ban ruwa ne ke ɓaɓatu, mutum ba ya jin sallamar na kusa da shi. A zamaninmu kukan jigo ake ji, doguwar sandar nan da ake ɗorawa kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗayan. Kowane jigo da muryarsa, har daga gida kana iya cewa wane ya fito, wane ya makara. Na ga masu dashe sun duƙufa, na tambaya ko gayya ce. Ɗan kabu-kabun ya yi dariya ya ce 'yan ƙwadago ne, da yamma a sallame su kowa ya kama gabansa. Ba na cewa da can an fi jin daɗi, don jigo ya karya bayan maza da yawa. Amma da muka zo daidai wata tsohuwar tsamiya sai na ce ya tsaya, na sauka na zauna a gindinta, ya yi ta jirana yana latsa waya.

A ƙarƙashin tsamiyar nan gonar mahaifina take. Baba mutumin wajen Kajiji ne. Yana saurayi kuturta ta kama shi, ta cinye masa yatsu duka goma, 'yan'uwa suka yi masa bukka a bayan gari. Daga nan ya kai kansa asibitin kutare na mishan, aka yi ta magani har ciwon ya mutu, sai dai abin da ya tafi ya tafi. A can ya zama mai bin Yesu, a can kuma ya haɗu da Inna, wadda ita ciwon bai taɓa mata hannu ba. Suka zauna a gefen wani ƙauye kusa da Bodinga. Masu bi 'yan'uwanmu gida uku ne, duk tsofaffi, kuma Baba yakan ce in ka tara yatsun mazansu gaba ɗaya ba za su cika hannu biyu ba. Sauran gari Musulmi ne, kuma in faɗi gaskiya ba su zalunce mu ba. Ana gaisawa, ana zuwa mana jaje, ba a taɓa hana mu rijiya ba. Abinci ne kawai shamaki. Ranar Kirsimeti Inna takan aike ni da tuwo gida-gida, a karɓa da godiya, amma na sha waiwayowa in ga an juye wa awaki, kwanon kuma ya dawo an goge shi da toka har yana ƙyalli. Ko a gidanmu Baba da ludayinsa daban, wani babba da Inna ta ɗaura wa fata a marikinsa, yadda zai zura dungun hannunsa ya sha fura ba ta zube ba. Shi da kansa ya hana mu taɓa shi. Ya ce ba don ciwo ba, don kada mu saba da abin da mutane za su guje mu a kansa.

Abin da na fi tunawa da shi, addu'arsa ce. Yanzu in na shiga majami'a ana addu'a da lasifika, ana buga ƙafa ana gumi, sai in ce a raina ko an ce musu Allah ya yi nisa ne. Baba ba ya ɗaga murya. Yakan zauna bakin tabarma ya bar rabinta fili, ya yi magana kamar da wanda ya zo hira. "Uba," haka yake farawa, sai ya kawo labarin akuyar da ta ƙi cin dusa, da jinkar da ke yoyo, da maƙwabcin da ɗansa ke zazzaɓi. Wani lokaci har dariya yake yi a tsakiya. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni mamaki: in ya roƙi abu, nan take yake godiya, tun abin bai zo ba, ya tashi ya fara shirin karɓarsa. In ruwa ya roƙa, kafin ya kwanta sai ya sa an jera tuluna ƙarƙashin indararo. Malam, dattijon da ya ba shi aron gonar fadama, yakan girgiza kai in ya ji kalmar nan ta Uba, ya ce a nan kam hanyarsu ta rabu, sannan su ci gaba da zancen albasa.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu Inna ta kwanta da damina. Baba ya roƙa, ya yi godiya, har ya sa na wanke mata zanen da za ta ɗaura zuwa sujada in ta tashi. Da zanen aka rufe ta. Tun daga ranar na daina cewa amin. Ina zama dai a tabarma don kunyarsa, amma zuciyata ta bushe ƙamas, haushinsa nake ji, haushin wanda yake kira ma nake ji. Wata rana na kasa haɗiyewa na ce, "Baba, ka roƙa ma Inna, ka yi godiya, ga ta ƙasa. Godiyar mi kay yi?" Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ke ma kin sha roƙona abu in ce a'a. Ran da nic ce miki a'a, na bar zama ubanki?" Na ce wannan daban. Ya ce i, daban ne, shi ma bai gane ba, kuma kullum yana gaya wa Uba bai gane ba. Ban gamsu ba, na tashi na shiga ɗaki.

Aikin albasa a gidanmu rabe yake. Baba ke jan jigo da igiya naɗe a damtse, shi ke tsara fangali, wato ƙananan ɗakunan ruwa da ake yi da fartanya, ita ma fartanyar ɗaure a hannunsa. Dashe kuwa aikin yatsu ne. Sai ka tsinko ɗan iri siriri kamar tsinken tsintsiya, ka sa shi a rami, ka danne gindinsa. Wannan Inna ke yi, da saurin da mata ke tsayawa kallo. Shekarar nan Baba ya zuba iri kamar kullum, ya tsara fangali arba'in kamar kullum, kamar ba abin da ya faru. Iri ya kai dashe, kuma albasa ba ta jira. In ta wuce kwanakinta a wurin reno sai ta fara ɗaura kai tun tana ƙarama, an yi asarar shekara ke nan. Ni kaɗai ko na mutu ba zan wuce fangali uku a wuni ba. Ga shi kuma gonar aro ce, kuma dokar fadama sananniya ce, ba a barin ƙasa mai ruwa ta kwana rani babu shuka. Malam ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa 'ya'yan ƙanensa sun dame shi, in kasuwa ta sake ci bai ga dashe ba, zai ba su wurin. Mu kuwa ban da gonar nan ba mu da ko tafin ƙasa.

Baba ya ce gayya za mu kira. Na ɗauka wasa yake, don na san abin da ake nufi da gayya. Ba biyan kowa ake ba, amma mai gona ne ke ciyarwa, kuma wanda ya zo aiki ya ƙi cin abincinka ya fi wanda bai zo ba cin mutunci. To wa zai sha furar gidan kuturu? Na faɗa masa haka. Ya ce, "Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka, ni ko ɗayan ban cika ba. In ban kira ba, ƙaƙa za ni yi?" Ya ba ni goro a ɗan ƙunshin ganye, ya lissafa mini gidaje, ya ce in fara da gidan Malam, in ce jibi da safe. Na fita. Na kai ƙofar zauren farko na ji muryoyin samari suna hira, sai kwanonin nan da aka goge da toka suka faɗo mini a rai. Na ga yadda za a karɓi goron da godiya, a jira in ba da baya a tuntsire da dariya. Ƙafata ta ƙi shiga. Na wuce gida na biyu, na wuce na uku, na zarce bayan gari na zauna har rana ta karkata. Da na dawo na tusa goron cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, na ce wa Baba na gaya wa kowa.

Da magariba ya zauna bakin tabarmarsa. "Uba," ya ce, "ga albasa ta kai, ga hannuwana ka san su, kai kay yi su. Ina son hannu ashirin jibi. Na gode da ka ji." Ina zaune kamar an ɗora mini dutse. Kashegari ya sa na fito da dami uku daga rumbu, kusan rabin abin da ya rage mana, ya ce a yi furar mutum ashirin. Na yi sussuka, na yi surfe, na wanke, na daka, na cura, na dafa, na kirɓa, ni kaɗai da taɓarya ɗaya tun hantsi har inuwa ta miƙe, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da bororo. Sau uku ina buɗe baki in faɗa masa, sau uku ina ganin yadda yake fafe sabbin ludaya daga duman da Inna ta shuka, ya danne da gwiwa yana kankarewa da wuƙa ɗaure a hannu, yana 'yar waƙarsa ta majami'a. Na ci gaba da zubar da hatsinmu a kan ƙaryata.

Ranar gayya muka kai ƙwarya biyu manya gindin tsamiya, na dama da nono, na jera sabbin ludaya a kan faifai. Baba ya rataye nasa a reshe can gefe, yadda ya saba. Rana ta fito. Jigo ya fara kuka a gonakin maƙwabta, kowa na harkarsa, ba wanda ya dubi wajenmu. Baba na zaune yana kallon hanya. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa gabansa na fashe da kuka, na ce ban kira kowa ba, goron na gindin randa.

"Na sani," in ji shi. "Gayyar da anka kira, ko mutum guda ya leƙo ya ce Allah shi kai mu. Shekaranjiya nig gane."

Na ce, "To don mi kab bari nid daka hatsinmu?"

Ya ce, "Na riga na yi godiya. In koma in ce mishi na janye?" Ya ɗora dungun hannunsa a kaina, abin da ba ya yawan yi. "Kin ji kunyata, ɗiyata, ban ga laihinki ba, dangina ma sun ji. Amma shi Uba tun da nis san shi bai taɓa jin kunyata ba. Tashi mu hwara, waɗanda za su zo su ishe mu bisa aiki."

Muka shiga fangalin farko. Ya durƙusa cikin laka yana danna dungunsa yana yin rami, ni ina bi ina sa iri ina dannewa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, kuma ramin nasa ya fi na tsinke daidai. Hawaye na zuba, ina dashe, ina jin haushin yadda yake cewa "madalla" a kan kowane layi kamar mun ci rabin gona. Mun gama fangali ɗaya mun shiga na biyu sai muka ji sallama. Malam ne a kan jakinsa, shi kaɗai, da farar riga. Na ce a raina ya zo ganin gonarsa ke nan. Baba ya miƙe ya gaishe shi, laka har gwiwar hannu. Malam ya dubi fangali talatin da takwas da ke kwance fayau, ya dubi ƙwaryar fura da ludayan da aka jera.

"Jiya uwargida ta hana ni sakat," ya ce. "Tac ce taɓarya guda ta wuni tana kuka gidan marainiya, in zo in diba ko lahiya. Wanga shiri na mine ne?"

"Gayya ta, ranka shi daɗe."

"Gayya? Ni ban ga goro ba. Wa anka kira?"

Na sunkuyar da kai, ina jiran Baba ya faɗi abin da na yi. Sai ya ce, "Goro ya makara bisa hanya. Amma na gaya ma Mai mutanen."

"Suna ina?"

"Suna tahe."

Malam ya kalle shi, ya kalli hannuwana da suka kumbura. Ban san abin da ya gudana a zuciyarsa ba, kuma har ya rasu ban tambaye shi ba. Ya dai sauko daga jaki, ya tattare riga ya zauna gindin tsamiya. Na yi sauri na tura masa faifan sabbin ludaya, ina cewa ba wanda ya taɓa sha da su. Ya dube su ya ce waɗannan na yara ne, shi da yunwa ya fito. Ya miƙa hannu sama ya ciro ludayin Baba daga reshe. Baba ya ce, "Malam, wanga nawa na." Ya ce, "Na sani, ai ina da ido." Ya zura hannunsa cikin fatar nan da ta yi baƙi don gumi, ya yi bisimilla, ya ɗebo ya sha. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Kukan jigon da ke kusa da mu ya tsaya, na gaba da shi ma ya tsaya. Malam ya share gemu ya ɗaga murya: "Ku jama'a, kuna ganin hura ƙasa, kuna jiran a yi muku kiɗi?"

Ba a guje suka zo ba, kada in ƙara gishiri. Mutum biyu ne suka fara tahowa suna jan ƙafa, suka tsuguna suka ɗauki sabbin ludaya suna satar kallon Malam. Sai wani, sai wani. Aka aika gari, mata suka fito, har 'ya'yan ƙanen Malam masu jiran gonar, don ba su da fuskar zama baffansu na cikin laka da farar riga. Wasu sun yi aikin ba su sha ba, suka ce azumi suke, ba wanda ya matsa musu. Aka ɗauki waƙar dashe, wata tsohuwa ta ce layina ya karkace ba kamar na uwata ba, na yi dariya ina kuka. Kafin la'asar babu fangalin da ya rage, fura kuwa ta ƙare tun azahar, aka yi ta yi wa Baba tsiya cewa ya kira gayya ya yi rowa. Na ƙirga mutanen ban kai ƙarshe ba, sun dai wuce ashirin. Da Malam zai tafi ya ce wa Baba gona tasa ce muddin yana iya jan jigo.

Na san mai karatu zai ce kirkin Malam ne da kunnen matarsa. Ni ma na faɗa wa Baba haka a hanyar gida, don bakina bai mutu ba. Ya ce gaskiya ne, Allah ya saka musu, shi dai bai taɓa ce wa Uba ga ta inda zai biyo ba. Daga baya na ga addu'o'insa da yawa da aka ce wa a'a, nawa ma haka, na binne miji na binne ɗa. Amma ban sake ganin mutumin da ya tabbata ana ƙaunarsa kamar Baba ba, kuma wannan tabbacin shi ya bar mini gado, don gonar ta koma hannun masu ita bayansa.

Da rana ta faɗi ranar nan ya zauna bakin tabarma, ludayin na kan cinyarsa, bai bari na wanke ba. Na zaci zai yi ta godiyar albasa da gona. Ya ce, "Uba." Mutumin da ban ga hawayensa ba ko ran da aka rufe Inna, sai ga shi kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya ce, "Hannuwa nir roƙe ka. Wagga ban roƙa ba. Shekara ashirin da biyar ba wanda yas sa baki inda nis sa nawa, kuma ko kai ban taɓa gaya ma tana mini ciwo ba. Ashe ka sani."

Na matsa na zauna a rabin tabarmar da yake bari fili. Na karɓi ludayin daga cinyarsa, bai hana ni ba, na shanye 'yar furar da ta rage a ciki. Sannan na ce amin.